Yadda Ake Kula da Bindigar Wasan Eyasof da Ƙara Mata Inganci Ba Tare da An Taka Doka Ba

Ranar da aka fara ja na zuwa filin wasan eyasof a nan Ingila, tsaki na riƙa yi a zuci: manya da gemunsu suna laɓewa bayan itatuwa suna harbin juna da ƙwallayen roba? Kafin la'asar na jiƙe sharkaf da gumi, ni ne mai tambayar yaushe za a dawo. Yau na daɗe a cikin harkar, kuma yawancin abin da na sani a kan teburin kicin na koye shi, da sukundireba a hannu, bayan na ɓata abin da da ma lafiyarsa ƙalau.

Daga Japan wasan ya fito a shekarun 1970, ƙasar da doka ta tsananta wa farar hula a kan riƙe bindiga. Bindigar tana harba ɗan ƙwallon roba mai faɗin milimita 6, mu 'yan wasa muna ce masa bibi. Akwai mai sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfe mai matsuwa ya koma, da ake ɗanawa da hannu, akwai mai gas, akwai mai batir. Kamfanin Tokyo Marui ne ya fito da mai batir a farkon shekarun 1990, kuma har gobe tsarin giyabos ɗinsa, wato akwatin giyoyin da ke cikin bindigar, yawancin kamfanoni suke kwaikwaya. A kan mai batir zan tsaya, musamman mai siffar M4, bindigar sojan Amurka, don ita sabon shiga ya fi fara saye.

Cikinta ba wani abin tsoro ba ne, famfon keke ne da aka sa wa inji. Ka ja kunama, moton da ke cikin mariƙi ya juya giya uku, ta ƙarshen ta ja fistan baya ta matse sifirin, ta sake shi, fistan ya turo iska ta cikin silinda da nozul, iskar ta kori bibi ta cikin bututu. A gindin bututun akwai wata 'yar roba da ke shafar saman bibi ta sa shi juyawa baya, wannan juyin ne ke riƙe shi a iska ya yi nisa. Ita ake kira hofof.

Sabon shiga, da ya ga harbinsa ba ya kai inda na abokansa ke kaiwa, sifirin mai ƙarfi yake nema. Sau da yawa ba can matsalar take ba: bututu ne ya yi datti, ko roba ta gaji, ko iska na zurarewa. Sifirin mai ƙarfi kuwa shi ne gajeriyar hanyar karya giya, kuma a ƙasar nan shi ne gajeriyar hanyar shiga hannun hukuma.

KAYAN AIKI

- Tabaran kariya. A Turai ka nemi mai alamar EN166 da harafin B, a Amurka mai Z87+. Tabaran rana ko na karatu ba sa cikin lissafi.
- Sandar wanke bututu ta roba, wadda takan zo cikin kwalin bindiga: kai ɗaya mai tsaga, ɗayan a karkace.
- Farin ƙyalle marar gashi, kamar tsohuwar singileti.
- Sifirit na goge kayan lantarki.
- Man silikon tsantsa, giris na silikon, da giris na giya.
- Sukundireba mai kan giciye da mai faɗi, saitin alanki na kwance sukuru mai rami a ka, da ƙaramar filaya mai dogon baki.
- Shim, wato siraran washa na giya, masu kaurin milimita 0.1, 0.2, 0.3 da 0.5.
- Farin tef na masu gyaran famfo.
- Kirono, na'urar auna gudun bibi. In ba ka da ita, kowane filin wasa na kirki yana da tasa, kuma ba sa hana awo.
- Faranti ko murfin kwali na zuba sukurori, da wayarka don ɗaukar hoto.

Man inji, man keken ɗinki, da man fesa na cire tsatsa, ka ajiye su nesa. Duk man da aka samo daga fetur yana kumbura robar ciki ya ruɓar da ita.

MATAKI NA 1: CIRE MATA BIBI DA BATIR

Sa tabarau tun kafin ka taɓa komai, har a cikin ɗaki. Cire gidan harsashi. Ka juya baki zuwa cikin kwali mai tsumma, ka sa a kan harbi ɗai-ɗai, ka ja kunama sau biyu ko uku. Abu biyu kake yi da wannan: bibin da ya maƙale a ɗakin hofof zai fita, domin kusan kullum akwai ɗaya ko biyu da suka rage bayan an cire gidan harsashi, sannan fistan zai koma gaba, sifirin ya huta. Sai ka cire batir. Wannan ɗabi'ar ka riƙe ta duk ranar da ka gama wasa, don sifirin da aka bari a matse wata da watanni sanyi yake yi.

MATAKI NA 2: AUNA KA RUBUTA

Kafin ka kwance ko sukuru ɗaya, ka san inda bindigarka take. Ka harba bibi goma mai nauyin giram 0.20 ta cikin kirono, ka rubuta kowanne.

Ga ɗan lissafin da ba makawa: bibi mai giram 0.20 da ke gudun mita 100 a daƙiƙa, wato ƙafa 328, ƙarfinsa jul 1 ne (jul shi ne ma'aunin ƙarfin harbi). Ƙafa 350 ya kama jul 1.14, kuma nan ne yawancin filayen Ingila suka ja layi ga bindiga mai harbi a jere.

Kada ka tsaya kan lambar da ta fi girma, ka dubi tazarar da ke tsakanin goman. In suna wasa tsakanin 335 da 340, madalla. In wani ya ba ka 340 na bayansa ya faɗo 310, iska na zurarewa a wani wuri, kuma shi za mu bi sawu.

MATAKI NA 3: WANKE BUTUTU

Wannan ne aikin da ya fi kowanne arha, kuma ya fi kowanne biya. Da farko ka mayar da dabaran hofof, wato ɗan abin murzawa na saita shi, zuwa sifiri, robar ta janye sama. In ka manta, sandar za ta ci karo da ita ta yage ta.

Ka yanki ƙyalle kamar faɗin santimita 1, tsawon santimita 3, ka zura a tsagar sanda ka naɗe. Ɗiga sifirit kaɗan. Ka ɗora sandar a gefen bindiga ka ga iya inda za ta kai kafin ɗakin hofof, ka sa alama da tef, kada ka wuce nan. Sai ka tura ta baki a hankali kana murzawa, ka jawo. Ƙyallen farko zai fito baƙi ƙirin, kada ka yi mamaki ko da bindigar sabuwa ce, don da man masana'anta take zuwa. Ka yi ta canja ƙyalle har ya fito fari, ka ƙare da busasshe. In ƙyallen yana cijewa, ya yi kauri; rage shi, kada ka yi masa ƙarfi.

Akwai masu cewa a bar silikon a cikin bututu. Ni ban yarda ba. Mai yana kama ƙura, kuma in ya taɓa robar hofof sai ta daina riƙe bibi, ka yi ta harbi yana faɗuwa a gabanka har sai man ya bushe.

In sandarka ta ɓata, ka cire bututun gaba ɗaya kamar yadda za mu gani a ƙasa, ka ɗaure ƙyalle da zaren kamun kifi ka ja ta ciki. Waya ko tsinken ƙarfe kuwa a'a: ƙarzuwa ɗaya a cikin bututun tagulla ta isa ta karkatar da kowane harbi.

In bibi ya maƙale ana cikin wasa, ka ji sautin harbi ya toshe, saki kunama nan take. Ci gaba da harbi shi ke cinye haƙoran fistan. Cire gidan harsashi, kashe hofof, ka tura karkataccen kan sandar ta baki har bibin ya faɗo ta ƙasa.

MATAKI NA 4: ROBAR HOFOF

A M4, ka tura fil ɗin gaba ya fita, ka zame rabin jiki na sama zuwa gaba, kana lura da waya in ta gaba ta bi. Ɗakin hofof da bututu za su fito tare. Ka cire ɗan maƙalin roba mai siffar C da ke riƙe bututu, ka zaro bututun da robarsa a miƙe, ba da murɗawa ba. Yi wannan a kan faranti, domin akwai wani ɗan guntun roba kamar ƙwayar shinkafa da ke danna robar daga sama, in ya faɗi ƙasa sai dai wani ba shi ba.

Ka duba leɓen robar da ɗan tudun da ke cikinta. In akwai tsaga, ko tudun ya lafe, ko robar ta yi santsi, canja ta. Ana rubuta taurinta da lamba: 50 zuwa 60 ta dace da bindigar da ba ta wuce jul 1.14 ba, kuma ta fi jure sanyin ƙasar nan. 70 zuwa sama ta masu ƙarfi ce. Wajen mayarwa, akwai layi a cikin robar da zai shiga tsagar da ke jikin bututu. Ka shafa silikon ɗan mitsitsi a bayanta kawai don ta zame cikin ɗaki. Sai ka leƙa ta cikin bututun kana murza dabaran: tudun ya sauko daidai tsakiya. In ya karkata, harbinka ma zai karkata.

Saiti kuwa a fili ake yinsa, da irin bibin da za ka yi wasa da shi. Fara daga sifiri kana ƙarawa kaɗan-kaɗan. In bibi na nutsewa da wuri, ƙara. In yana tashi sama kamar an kira shi, rage. Abin da ake so shi ne ya tafi a miƙe, ya ɗan ɗaga a ƙarshe, sannan ya faɗi.

MATAKI NA 5: BIBI DA GIDAN HARSASHI

Bibin da ke zuwa kyauta a cikin kwali, da mai giram 0.12 na bindigogin yara, zuba su a shara. Suna da gaɓa a jiki, suna fashewa a ciki. Da 0.20 ake awo, amma don wasa a daji 0.25 ko 0.28 ya fi, iska ba ta kaɗa shi kamar marar nauyi. Filaye da yawa na daji suna sharɗanta mai ruɓewa a ƙasa, ka tambaya kafin ka saya. Wanda ya faɗi ƙasa ya tafi ke nan, kada rowa ta sa ka tsince shi.

Bayan wasa ka zazzage gidan harsashi, musamman matsakaici mai cin wajen 120, don sifirinsa ya huta. In babba mai abin murzawa a ƙasa ya fara ƙin turowa, ɗigon silikon ɗaya a bakinsa ya isa, sannan ka fitar da bibin farko da hannu kada man ya kai ga hofof.

Mai bindigar gas, nasa akasin haka ne ta gefen gas: a bar kaɗan a gidan harsashi lokacin ajiya, don zoben roba ya zauna a matse kada ya bushe.

MATAKI NA 6: BATIR

Iri biyu za ka tarar. NiMH mai bolt 8.4 ko 9.6 yana da haƙuri. LiPo mai 7.4 ko 11.1 ya fi kuzari, amma ba ya yafiya. Kowane ɗaki nasa, wato kowace ƙwayar batir da ke cikinsa, yana cika a bolt 4.2, kada ka bari ya sauka ƙasa da 3.3; in za ka ajiye shi fiye da 'yan kwanaki, ka bar shi a wajen 3.8. Caja mai daidaita ɗakuna kaɗai za ka sa masa, cikin jakar da ba ta cin wuta, a kan siminti ko tayil, kuma kana gida ido biyu. Da ka ji harbi ya fara nauyi a fili, canja batir. Wanda ya kumbura kamar fanke ya gama aiki, ka kai shi wurin karɓar tsofaffin batura, kada ka huda shi. Kuma kada ka bar shi a jone cikin bindiga, musamman mai mosfet, wata 'yar na'urar lantarki mai kare ƙarafan kunama, domin tana shan wuta a hankali har ta kashe shi.

Ga bindigar da ba a taɓa cikinta ba, 7.4 ya wadatar.

MATAKI NA 7: SAURARI MOTO

A ƙasan mariƙi akwai sukuru babba a tsakiya, shi ke ɗaga moto ko sauke shi. In bindiga na ƙara mai tsini kamar ana wasa wuƙa, ka murza shi rubu'in zagaye, ka harba ɗaya, ka saurara. Ka gwada gaba, ka gwada baya, ka tsaya inda sautin ya fi laushi. Kamar mai saita janareto ne, kunne ke aikin. In ka zagaya duka ba ta daina ba, maganar ta koma cikin giyabos.

MATAKI NA 8: BUƊE GIYABOS

Tsaya tukuna. In bindigar sabuwa ce, buɗewa na iya soke garantinta. In awonka na mataki na 2 ya yi kyau kuma sauti lafiya, rufe ta ka tafi wasa. Wanda ya ga zurarar iska, ko ƙara, ko ya shekara yana harbi, shi ne zai ci gaba.

M4 tana ɗauke da giyabos samfuri na 2, AK kuma samfuri na 3. Don fito da na M4: cire dogon sukurun da ke cikin bututun gindi, cire murfin mariƙi, ɗauki hoton yadda jar waya da baƙa suka bi, zare moto, kwance sukurorin da ke can cikin mariƙi, cire maɓallin sakin gidan harsashi, sannan fil na baya da siririn fil da ke saman kunama.

In taka irin ta zamani ce mai cire sifirin ta baya, fara cire shi, ka huta da rabin wahala. In ba haka ba, kwantar da giyabos, kwance sukurorin kana jera su yadda suke don tsawonsu ba ɗaya ba ne, ka zura sukundireba ta ramin baya cikin sandar sifirin ka danne, ɗayan hannun yana kan silinda, sannan ka ɗaga murfin a hankali. Karona na farko ban danne ba. Sandar ta tashi ta fasa kofin shayi, ɗan maƙalin da ke hana giya komawa baya ya shige cikin kafet, na kwana biyu ina rarrafe da tocila.

Da ka buɗe, hoto kafin komai. Sai ka cire sifirin, silinda da fistan, giya uku, kowace da shim ɗinta na sama da na ƙasa a ware. Goge tsohon giris tas. Duba haƙoran fistan, musamman na farko ta baya, da gaban kwankon giyabos inda kan silinda ke duka, nan samfuri na 2 ya saba tsagewa.

MATAKI NA 9: ISKA, SHIM, GIRIS

Gwajin iska: haɗa silinda da kanta da nozul, toshe bakin nozul da yatsa, ka tura fistan da sauri. In lafiya, zai cije ya turo hannunka baya. In ya shige salin-alin, akwai ɓaraka. Yawanci zoben robar kan fistan ne. Sabo ya fi. In babu, ka miƙa tsohon a bayan silinda na ɗan lokaci ya buɗe, zai kai ka wasa ɗaya ko biyu. In ta kan silinda take fita, zagaye biyu na farin tef a kan zobensa yana toshe ta. Nozul marar zobe a ciki kuma a canja shi da mai zobe, amma tsawonsa ya zo daidai da na asali, ko rabin milimita ya bambanta sai ciyar da bibi ta lalace.

Shim shi ne wurin da haƙuri ke ƙarewa. Manufa ita ce kowace giya ta juya sakayau ba tare da tana rawa sama da ƙasa ba, kuma ba ta gogar 'yar'uwarta ko kwanko. Na saba farawa da ta tsakiya: siririn shim a ƙasa don kada ta shafi kwanko, sai na cike sama. Rufe kwankon, ɗaure sukurori sosai, ka taɓa ƙarfen giyar ta waje da tsinke: motsin da ake so kamar kaurin takarda ne. Sai giyar da ke jan fistan, a ɗaga ta kaɗan ta haye ta tsakiya ba gogayya. Ta ƙarshe ita ce mai haɗuwa da moto, ita ce mai yawan ƙara. Ka ɗaura mariƙi da moto a rabin kwankon ka ga haƙoransu sun shiga juna sosai ba tare da sun cije ba. In ka gama, ka rufe da giya ukun kaɗai ka juya su da yatsa ta tagar silinda. Su yi ta gudu da kansu. Za ka buɗe ka rufe sau goma, haka abin yake. Kuskuren da aka fi yi shi ne gwadawa ba a ɗaure sukurori ba, sai an ɗaure a tarar komai ya cije.

Giris kaɗan ake sawa: na giya a haƙora, na silikon a cikin silinda da zobe da hanyar fistan. In ya yi yawa, nozul zai fesa shi kan robar hofof, ka koma gidan jiya.

Wajen rufewa, ka tabbata maƙalin hana komawa baya yana wurinsa, sifirin kunama bai fita ba, fistan yana kan layinsa, waya ba ta shiga tsakanin kwanko ba. In murfi ya ƙi zama, wani ƙarfen giya ne bai shiga raminsa ba. Daidaita shi da tsinke. Kada ka ɗaure sukuru don ka tilasta shi. Ka gwada da moto da batir kafin ka mayar da shi cikin jiki, sannan ka koma kirono.

MATAKI NA 10: ƘARIN INGANCI, BI DA BI

Abu ɗaya ake canjawa a lokaci guda, a auna, sannan a wuce. In ka zuba sababbin kaya biyar rana ɗaya ta ƙi aiki, wa za ka kama?

Ni ga yadda nake jera su. Bibi mai kyau da nauyi. Robar hofof. Toshe iska da shim. Canja mahaɗin batir daga Tamiya zuwa Deans, wanda ya fi barin wuta ta wuce, in ka iya riƙe ƙarfen soda. Mosfet, wadda ke ɗauke wa ƙarafan kunama nauyin wuta. In kana son batir 11.1 to ita wajibi ce, in ba haka ba ƙarafan za su ƙone. Bayan nan bututu mai matsi: na masana'anta yakan kai milimita 6.08, ana sayar da 6.03 da 6.01. Na fi son 6.03, don 6.01 ba ya haƙuri da datti ko bibi marar kyau. Ka sani bututu mai matsi da toshe iska suna ƙara gudu, wani lokaci har su haye da kai layin fili ba ka taɓa sifirin ba.

Sifirin ne na ƙarshe. Lambar da ke jikinsa, M90, M100, M120, kusan gudun mita a daƙiƙa ce da bibi 0.20. M120 zai kai ka wajen ƙafa 400, wanda a Ingila ya wuce gona da iri ga mai harbi a jere. Sannan haɗa moto mai gudu da batir 11.1 a kan sifirin mai laushi yana sa giya ta cafki fistan kafin ya gama komawa, haƙora su zube.

MATAKI NA 11: DOKA

Wannan ba shawarar lauya ba ce, kuma doka na canjawa, ka duba ta inda kake zaune. A Birtaniya, dokar 2017 ta fayyace cewa bindigar eyasof mai harbi a jere kada ta wuce jul 1.3, mai ɗai-ɗai kuma jul 2.5. Da bibi 0.20, na farko ya kama wajen ƙafa 374. In mai harbi a jere ta haye wannan, ta fita daga kayan wasa, ana iya ɗaukarta a matsayin haramtaccen makami, laifin da mafi ƙarancin hukuncinsa ga baligi shekara 5 ne. Kuma dokar ba ta ce da bibi 0.20 kawai ba. Wasu bindigogi, musamman masu gas, jul ɗinsu na hawa in an sa bibi mai nauyi, don haka ka auna da wanda kake wasa da shi ma. Arewacin Ayalan na da nata tsarin daban.

Sai dokar 2006 ta rage miyagun laifuka, wadda ta hana sayarwa, shigowa da, ko ƙera bindigar kwaikwayo mai kama da ta gaske, sai ga wanda ke da hujja. Ɗan wasa yana kafa hujjarsa galibi ta rajistar UKARA, ƙungiyar masu shagunan eyasof ta Birtaniya: ka kai shekara 18, ka yi wasa sau 3 a fili ɗaya mai rajista cikin lokacin da bai gaza kwana 56 ba. Ba lasisi ba ne, shaida ce ga mai shago, kuma duk shekara ake sabuntawa. Kafin nan sai ka yi haya a fili, ko ka sayi mai launi biyu, wadda aka shafe fiye da rabinta da launi mai haske kamar shuɗi ko ruwan lemo. Kankare wannan fenti ko shafe shi da baƙi ba tare da hujja ba laifi ne. Haka fita da ita bainar jama'a ba da dalili ba, a ƙarƙashin dokar makamai ta 1968.

Japan ta tsaya a jul 0.98. A Jamus, wadda ta wuce jul 0.5 sai ɗan shekara 18, sai mai tambarin F, kuma ɗai-ɗai kawai za ta harba. A Amurka dokar tarayya ta ce a sayar da ita da baki mai ruwan lemo, jihohi da birane kuma kowa da ƙarin nasa. A can ne, a Nuwamban 2014, ɗan sanda ya harbe Tamir Rice, yaro ɗan shekara 12, a birnin Cleveland, yana riƙe da irin wannan bindiga da babu alamar lemon a bakinta.

'Yan'uwa masu zuwa hutu gida sukan tambaye ni ko su saka ɗaya a akwati don yara. Amsata a'a ce. Ƙaramar bindiga mai harbi da iska tana cikin jerin kayan da kwastan ta Najeriya ta haramta shigowa da su ɗungurungum, kuma a shingen bincike da dare ba wanda zai tsaya tambayarka jul nawa take bugawa.

MATAKI NA 12: ƊAUKA DA AJIYA

Daga gida zuwa fili, a cikin jaka mai zif ko akwati, a but ɗin mota, batir a cire, gidan harsashi a ware. Ka riƙe shaidar bukin ɗin filin a wayarka. Kada ka tsaya nuna wa aboki a wurin ajiye motoci, kada ka gwada ta a bayan gida inda maƙwabta ke hangowa ko bibi zai iya tsallaka katanga. In ka yi wasa cikin ruwan sama, goge ta, ka bar jakar a buɗe ta kwana, ka bi sukurori da filoli na ƙarfe da ƙyalle mai ɗan silikon. A gida ta zauna a kulle inda yara ba sa kaiwa, nesa da hita, hofof a sifiri, batir kuma a cikin jakarsa a wani wuri daban.